Wankin Katako da Injin Feshi: Darasi Domin Masu Sana'a na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi

Katako ya yi tsada a arewacin Zamfara. Falankan da kafintocin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ke aiki da su, yawancinsu daga Kurmi ake ɗauko su a mota, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin ɗauko ya ƙaru ƙwarai. Itatuwan gida kuwa, irin su maɗaci da ƙirya da marke da kawo, sun yi ƙaranci, ga shi rashin zaman lafiya ya hana masu sara shiga daji mai nisa. Madobiya ma an sare ta ana kai wa ƙasar Sin, har a shekarar 2017 aka sa ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashen duniya. Saboda haka tsohon ƙyaure, da bencin makaranta, da bodin babbar mota, da kantar kanti, duk dukiya ce wadda ba ta kamata a bari ta lalace ba.

A tashoshin mota na garuruwan nan uku akwai samari masu injin wankin mota. Waɗansu daga cikinsu sun fara karɓar aikin wanke katako, kuma wannan hanya ce mai kyau ta ƙarin abinci. Amma ƙarfe daban, itace daban. Ƙarfin ruwan da ke fid da laka daga ƙarƙashin tirela, in an juya shi kan bencin da ya shekara ashirin, zai cinye shi cikin minti biyar. Babban abin da za a riƙe shi ne, ƙarfin ruwa ba shi ke tsabtace katako ba. Magani ke kwance dauɗa, ruwa ya ɗauraye ta, rana ta busar, mai ya tsare.

Abin da ke samun katako

Itace zare-zare ne a jere a tsaye, kamar damin kara, akwai kuma wani irin danƙo na halitta da ke riƙe su wuri ɗaya. In katako ya daɗe a rana, hasken ranar yana narkar da danƙon nan daga sama, zaren ya saki, ya koma launin toka. Wannan tokar ba ta da zurfi, ba ta kai kaurin farce ba. Ƙarƙashinta katakon yana nan da launinsa. Mai gaggawa yakan ga launi ya fito in ya matso da bakin bindiga, sai ya yi tsammani wanki yake yi, alhali kuwa fere katakon yake. In ya bushe sai a gan shi ya yi gashi-gashi kamar tsohon bargo, da kwaruruka inda ruwa ya ƙwaƙule sashe mai taushi ya bar mai tauri. Wannan ɓarna ba ta gyaruwa sai an kankare katakon sosai, kaurinsa ya ragu.

Ƙasar nan kuwa tana da wahala ga itace. Damina takan yi wata huɗu ko biyar, katako ya sha laima ya kumbura, fumfuna ta kama shi ta sa shi baƙi. Hunturu ya zo da busasshiyar iska, ya tsotse shi, ya tsattsage. Bazara ta gasa shi. Kumburi da motsewar nan a faɗi suke aukuwa, tsawon falanki kusan ba ya sakewa, shi ya sa ƙyaure ke cijewa da damina, da rani kuma a ga rana ta tsakanin falankansa. Bakin falanki, inda zarto ya yanke, shi ya fi ko'ina shan ruwa, gama nan ne bakunan zaren suke a buɗe. Ruɓa da gara galibi ta nan suke farawa, ko ta ƙafar da ke zaune kan ƙasa.

Kafin a karɓi aiki, lalle a bincika. A ƙwanƙwasa katakon, a soka masa sukudireba a wuraren da ake shakka. In ya yi amon ganga, ko ƙarfen ya nutse ba da wahala ba, ko an ga hanyar laka ta gara, to, wannan sashe ya mutu. Wanki ba ya rayar da shi. Sai kafinta ya yanke ya sa sabo, kuma a gaya wa mai kaya tun ba a zuba ruwa ba, don kada daga baya ya ce inji ne ya fasa masa.

Zaɓen inji

Abu biyu ake aunawa a injin feshi: ƙarfin ruwa da yawan ruwa. Ƙarfin ana rubuta shi da bar ko da psi, kuma bar 1 ya yi daidai da psi 14.5. Don a gane girman abin, iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar 2 da rabi ba, tankin ruwa mai tsawon mita 10 daga ƙasa kuwa bar 1 kaɗai yake bayarwa a famfo. Injin da ke ba da bar 100 ya ninka iskar taya sau arba'in ke nan. Yawan ruwa kuma ana auna shi da lita a minti ɗaya.

Masu sayarwa sun fi son faɗin ƙarfi, domin lambar tana da girma, tana da daɗin ji. Amma mai sana'a yawan ruwa ya kamata ya fara tambaya, gama shi ke kwashe dauɗa, shi ke sa aiki ya yi sauri. Katako mai taushi, irin su afara da malaina da farin katakon da ake benci da shi, bar 35 zuwa 60 ya ishe shi. Mai tauri irin su loko da maɗaci yana jure har wajen bar 80 ko 100, ba a wuce nan ba. Jikin mota bar 80 zuwa 130. Daɓen siminti ne ke son bar 170 zuwa 200. Ashe ke nan wanda zai haɗa wankin mota da na katako, injin da ake iya rage wa ƙarfi yake bukata, mai agogon da ke nuna ƙarfin a fili. Injin da ba shi da agogo, mai aiki da shi lalube yake yi.

Iri uku aka fi samu a kasuwa. Na farko ƙaramin injin lantarki, mai jikin roba da taya biyu. Yana ba da lita 6 zuwa 8 a minti, ba shi da ƙara, ba shi da nauyi. An yi shi ne domin maigida ya wanke motarsa ran Lahadi, ba don a yini ana aiki da shi ba, kuma in famfonsa ya lalace da wuya a gyara. Yana kuma bukatar wuta tsayayyiya, ƙaramin janareto ba ya ɗaukarsa sa'ad da yake tashi. Kamfanin Kärcher na Jamus, wanda mai shi, Alfred Kärcher, ya ƙera injin feshin ruwan zafi na farko a Turai a shekarar 1950, yana yin ƙanana yana yin manya, saboda haka suna kaɗai bai isa shaida ba, sai a duba ko na gida ne ko na sana'a.

Na biyu injin fetur mai haɗe da famfo. Mai ƙarfin doki 6 da rabi yana ba da kamar lita 10 a minti da bar 170 zuwa 190. Mai doki 13 yana kaiwa lita 15 da bar 250. A nan famfon ne abin dubawa. Akwai mai arha, wanda ke rufe ruf, ba a sake masa mai, in ya gaji sai a yar. Akwai kuma mai fistin uku da karanshaf, wanda ke da tagar duba mai da murfin zuba shi, ana sake masa robobi da bawul. Wannan na biyun ya fi tsada, amma shi ne na sana'a. Araha ba ta ado. Injin Honda na jerin GX da masu kama da shi suna da wani amfani a garuruwan nan, domin irinsu ne ke jan injin ban ruwa a fadamun Gagare da Bunsuru, saboda haka makaniki da kayan gyara ba su da wuyar samu.

Na uku shi ne wanda aka fi gani a wuraren wankin mota: famfo mai fistin uku, irin na feshin gona, wanda inji ke ja da bel, an kafa su kan ƙarfe ɗaya. Ba ya cika wuce bar 40 ba, amma yana ba da ruwa da yawa, yana zuƙo ruwa da kansa daga duro, kuma kowane makaniki ya san cikinsa. Waɗansu suna raina shi, suna ganin ba na zamani ba ne. Ga aikin katako kuwa da wuya a sami wanda ya fi shi dacewa, gama ƙarfinsa bai kai na ɓarna ba sai an yi ganganci. Wanda yake da shi kada ya yi gaggawar sayarwa.

Bakin bindiga

Injunan zamani suna zuwa da bakuna biyar masu launi. Ja yana fid da ruwa tsinke ɗaya kamar mashi. Rawaya yana buɗewa digiri 15, kore 25, fari 40, baƙi kuma na sabulu ne, ba shi da ƙarfi. Ga katako fari ake sawa, ko kore in itacen mai tauri ne kuma an ja baya. Jan nan a cire shi a ajiye a gida. Haka kuma baki mai juyawa, wanda ke kaɗa ruwa kamar majaujawa, na siminti ne, in ya taɓa falanki sai ya bar masa zobba-zobba.

Hanya mafi kyau ta rage ƙarfi ita ce a sa baki mai faffaɗar kafa. Ta haka ƙarfi yana sauka, yawan ruwa kuwa yana nan. In an rage gudun inji, duka biyun ne ke sauka. Tiyo mai tsawon mita 15 zuwa 20 ya isa, a nemi mai waya a cikinsa.

Ruwa

Lissafin ruwa ya kamata a yi shi tun ba a yi ciniki ba. Inji mai lita 12 a minti yana shanye duro mai lita 200 cikin minti 17, watau jarka takwas masu lita 25. Tanki mai lita 1,000 yana kai shi awa ɗaya da minti ashirin da 'yan kai. Wanda ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa, in bai sa wannan cikin kuɗin aiki ba, da yamma zai tarar ya yi wa mai ruwa aiki ne.

Ruwan gulbi da na rijiyar da aka haƙa cikin rairayi suna ɗauke da yashi mai laushi, wanda ido ba ya gani. Shi ne babban maƙiyin famfo, yana cin robobi yana faɗaɗa kafar baki. A bar ruwan ya kwana ya kwanta, a sa rariya a bakin tiyon zuƙa, kada kuma tiyon ya taɓa gindin duro. Kada a ta da famfo babu ruwa a ciki ko da na ɗan lokaci. In an saki kunamar bindiga inji yana tafiya, ruwan yana kewayawa cikin famfo yana zafi, saboda haka in tsayawar za ta wuce minti biyu, a kashe.

Yadda ake wankin

Da farko a share ƙura da busasshiyar laka da tsintsiya, a kankare kashin shanu in bodin mota ne, a buga ƙusoshin da suka ɗago. Sa'an nan a jiƙa katakon da ruwa zalla, domin busasshen itace yana shanye magani ya kai shi ciki inda ba a bukata. A yi aikin da safe ko a inuwa.

Maganin ya danganta ga irin dauɗar. In ƙura ce da maiƙon hannu, garin sabulu da buroshi mai tauri sun isa. In baƙin fumfuna ne ko gansakuka, sai ruwan bilic irin na wanki, kamar Hypo, kashi ɗaya cikin ruwa kashi uku, da ɗan sabulu. A shafa, a bar shi minti 10 zuwa 15, ana yayyafa ruwa don kada ya bushe, a goge da buroshi, a ɗauraye. Bilic mai ƙarfi da aka bari ya daɗe yana cin danƙon itace kamar yadda rana ke yi, ya bar shi fari fat kamar ƙashi. Wannan farin ba tsabta ba ce.

In kuwa tsohon mai ne ko man ƙyalli ya daskare, ko baƙin mai ya zuba a bodi, sai sodar nan ta masu yin sabulu. A fara da giram 30 cikin lita ɗaya. Sodar ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa kan soda, gama tana tafasa ta fantsama. A dama cikin bokitin roba, ba na alminiyam ba, tana cinsa. Ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa, don haka tabarau da safar roba wajibi ne. Soda tana baƙanta itatuwa irin su maɗaci da loko, kada wannan ya tsorata mai aiki. Bayan an ɗauraye ta sarai, sai a bi da maganin tsami. Wanda ya fi kyau shi ne garin asid ɗin okzalik, wanda ake samu wurin masu sayar da kayan sinadari a manyan birane, giram 40 cikin lita ɗaya. Yana kashe kaifin soda, yana dawo da launi, yana kuma fid da baƙin tabon da tsatsar ƙusa ke bari. In ba a same shi ba, ruwan lemun tsami ko khal yana kashe sodar, ko da yake bai kai shi fid da tabo ba. Amma fa kada bilic ya gamu da kowane irin tsami, a bokiti ko a kan katako, domin haɗuwarsu tana ta da iska mai guba mai ƙona huhu. Tsakanin magani da magani, ɗauraya mai yawa.

Ba a zuba waɗannan magunguna cikin duron da famfo ke sha. A shafa da buroshi, ko a fesa da famfon goyo wanda aka keɓe don wannan aiki, ba wanda aka yi feshin ciyawa da shi ba.

Wajen ɗauraya, a fara gwadawa a wurin da ido ba ya kaiwa, kamar ƙarƙashin benci. A riƙe baki nesa da katako santimita 40 ko kusa, a matso sannu, kada a wuce santimita 30. A bi tsawon zaren itace, ba a gicciye ba. A danna kunama a gefe, a shigo da ruwa hannu yana tafiya, a bi falanki ɗaya tun daga wannan baki har wancan, a fita kafin a saki. Duk inda hannu ya tsaya ko ya juya, nan tabo zai fito. Kada a harba ruwa cikin haɗin katako, ko cikin tsaga, ko bakin falanki, gama ruwan da aka tura can ciki yana mako bai fita ba, yana kuma kwance gam.

Motocin da ke ɗaukar dabbobi daga kasuwar Shinkafi ta ran Alhamis, ruwan wankinsu yana ɗauke da ƙazanta da ƙwayoyin cuta. A wanke su nesa da rijiya da mashayar dabbobi, a haƙa ramin da ruwan zai tsume a ciki. Ruwan soda da na bilic ma kada a sake su cikin gulbi ko gonar kayan lambu.

Tsohon fenti

Mutanen Zamfara ba sa bukatar a gaya musu sharrin dalma. A shekarar 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta hanyar ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, fentin mai, musamman tsoho, da mai launin rawaya ko ja ko kore, sau da yawa yana da dalma a ciki. Tun 1929 da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda daga Zariya aka yi ta gina kantuna da ɗakunan ajiyar gyaɗa da auduga, kuma ƙyamaren irin waɗannan gine-gine an yi musu fenti bisa fenti shekara da shekaru. Muddin fentin yana manne, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da aka goge shi da samfefa a bushe, ko aka ƙona shi da wuta, ko aka tarwatsa shi da inji ya watsu a tsakar gida, ranar ya zama ƙura, yaro mai rarrafe ya kai baki.

Saboda haka tsohon fenti a jiƙe ake kankare shi, da hannu, an shimfiɗa leda a ƙasa. A tattara ɓawon a ɗaure, a binne nesa da rijiya da gona. Yara da mata masu ciki kada su kusanci wurin. Mai aiki ya rufe hanci, ya wanke hannu kafin ya ci abinci ko goro, ya kuma tuɓe kayan aikin kafin ya shiga gida. Wannan ya fi muhimmanci ga aikin makaranta da asibiti.

Bushewa da shafa mai

Nan ne aka fi yin asara, don gaggawar karɓar kuɗi. Katakon da aka wanke yakan bushe a sama cikin awa biyu, cikinsa kuwa yana jiƙe. In an shafa fenti a haka, laimar da aka rufe za ta ɗago shi ya yi bororo ya ɓare. Da rani a ba shi kwana biyu cikakku, da damina huɗu ko fiye. A jingine shi a inuwa inda iska ke ratsawa, a ɗaga shi daga ƙasa. Shanya jiƙaƙƙen falanki a tsakar ranar bazara yana sa ya kantare ya tsage. Akwai ɗan ma'aunin laima mai allura biyu, mai aiki da batir. In ya nuna ƙasa da kashi 15 cikin ɗari, an iya shafawa. Wanda ba shi da shi ya ɗiga ruwa a kan katakon: in ya shanye nan da nan, a shirye yake ya sha mai.

Lokacin shekara ma abin lura ne. Shugabannin makarantu sukan so a gyara bencina a dogon hutu, shi kuwa dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa, sa'ad da katako ba ya bushewa. Hutun Disamba ya fi, sai dai ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, don haka a shafa cikin ɗaki a rufe tagogi, a yayyafa wa daɓe ruwa. Lokacin da ya fi duka shi ne kaka, daga ɗaukewar ruwa zuwa farkon buji.

In ya bushe sai samfefa. A fara da mai lamba 80 don kwantar da gashin da ruwa ya tayar, a bi da mai lamba 120 ga abin da za a zauna a kai ko a taɓa da hannu. Bodin mota da amalanke 80 ta ishe su. Goge katakon waje har ya yi santsi kamar madubi kuskure ne, yana toshe kafofinsa ya hana shi shan mai. Ƙananan ramuka a cike su da garin katakon da aka kwaɓa da gam.

Sa'an nan maganin gara. Solignum sananne ne wurin kafintoci. A shafa shi sosai a bakunan falanki da ƙafafu da duk gefen da ke fuskantar bango, in da hali a tsoma ƙafafun cikin gwangwani su kwana. Al'adar shafa baƙin man mota tana da arha, tana kuma korar gara na ɗan lokaci, amma yana ɗauke da guba, yana ɓata tufafi, fenti kuma ba ya kama katakon da ya sha shi har abada. Kada a sa shi ga benci ko ƙyaure ko komin dabbobi. Kowane magani aka shafa, in ƙafar tana zaune kan danshin ƙasa gara za ta dawo, sai a ɗora ta kan dutse ko siminti.

Abin shafawa na ƙarshe iri biyu ne: mai shiga cikin itace, da mai kwanciya a kansa. Man ƙyalli yana kwanciya ne, yana da kyaun gani a cikin ɗaki, amma a ranar ƙasar nan ba ya daɗewa sai ya tsattsage, kuma sabunta shi sai an kankare duka. Ga abin da ke waje, mai mai shiga jiki ya fi, kamar dafaffen man linsid da aka tsinka da ɗan tina, ko fentin mai mai kyau bisa shafin farko. Lita ɗaya takan rufe kamar murabba'in mita 10 a katako mai santsi, tsoho mai ƙishi kuwa ya fi haka sha. A shafa siriri, a jira minti 20, a goge abin da bai shiga ba, in ba haka ba zai yi danƙo ya kama ƙura. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri. Man gyaɗa da man ja ba sa bushewa, suna yin ɗoyi, suna jawo kiyashi da ɓera. Tsummokaran da aka goge man linsid da su, in an dunƙule su wuri ɗaya suna yin zafi da kansu har su kama wuta cikin dare. A baza su a waje su bushe, ko a nutsa su cikin ruwa.

Abin da inji ba ya taɓawa

Filawud, da katakon gari wanda aka matse da gam, da kujerun da aka manna wa ɓawon katako a sama, ruwa yana kumbura su ba sa komawa. Ɗanyen tsumma ya ishe su. Tsofaffin ƙyamare masu sassaƙa na gidajen sarauta da masallatai, da akushi da turmi na gado, buroshi mai laushi da hannu ake bi da su, domin zanen da masassaƙi ya yi shekaru ɗari da suka wuce, inji zai shafe shi a wucewa ɗaya. Ƙyauren da ke jikin ginin ƙasa a ciro shi a wanke a waje. Azara da ke cikin rufin soro kuwa ba a kusantarta da ruwa ko kaɗan.

Tsaron jiki

Ruwan inji yana huda fata. Raunin yakan yi kamar sukar ƙaya a ido, alhali ruwa da dauɗa sun shige can cikin nama. Wanda abin ya sama a kai shi asibiti a ranar, a gaya wa likita ruwan inji ne, kada a tsaya sai ya kumbura. Wanki da silifa ko ƙafa ba takalmi, kamar yadda aka saba a tasha, shi ke jawo yawancin wannan, sai a sa takalmin roba mai tsawo. Ba a wasa da bindigar, ba a wanke ƙafa da ita, ba a ba yaro. Injin fetur ba a ta da shi cikin ɗaki ko shago, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba. Mai injin lantarki ya ɗaga mahaɗin waya daga ƙasa, ya nisanta shi da ruwa. In an gama aiki a kashe inji, a danna kunama ragowar ƙarfin ya fita, sa'an nan a kwance tiyo.